Hanci Ba Alƙali Ba Ne

Akwai ciwon da yake tara wa mutum jama'a, akwai kuma wanda yake kore masa su. Wanda zazzaɓi ya kwantar, gidansu cika yake yi da 'yan dubiya, wannan ta kawo kunu, wancan ya kawo lemo. Wanda ya karye a hatsarin mota, har waɗanda ba su taɓa gaisawa da shi ba sai sun leƙo sun ce sannu. Amma wanda jikinsa yake wari alhali yana wanka safe da yamma, yana canza kaya, yana shafa duk turaren da aljihunsa zai iya saya, shi babu mai ce masa sannu. Abin da yake gani shi ne mutum ya ɗan matsa idan ya zauna, a buɗe taga, a kai gefen mayafi hanci, hira ta mutu idan ya shigo ta kuma tashi idan ya fita. Kowa ya san halin da yake ciki, kowa ya yi maganarsa, shi kaɗai ne ba a yi maganar da shi ba.

Tambayar da nake so mu duba ita ce: mene ne haƙƙin irin wannan mutum a kanmu, mene ne kuma nasa a kan kansa? Idan ya nemi dalilin abin a asibiti ya samu, to madalla. Idan kuma ya nema bai samu ba fa, shin mutuncinsa zai ci gaba da zama a rataye har sai likita ya ba shi takardar wanke kai?

Garin turare da ƙarancin ruwa

Na zaɓi in yi wannan magana a kan Gadarif, garin dawa da riɗi da ke gabashin Sudan kusa da iyakar Habasha, domin abubuwa biyu da suka haɗu a cikinsa suna sa tambayar ta fi fitowa fili. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu hanyar aikin hajji ce ta biyo da kakanninsu ta ƙasa, suna tafiya suna yada zango suna noma har suka zauna. Wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka fara noman injina a baƙar ƙasar Gadarif a shekarun 1940, aikin gona ya ƙara jawo mutane daga ko'ina.

Abu na farko shi ne matsayin ƙamshi. A Sudan ƙamshi ba ƙawa ba ce kawai, ma'auni ne na cikar mace da tarbiyyar gidansu. Amarya tana shafe makonni ana yi mata dilka, tana zama a kan ramin duhan lulluɓe da bargo hayaƙin itacen talha yana ratsa ta. Akwai ranar da mata suke taruwa musamman domin daka turaren biki, a haɗa humra da sandal da turaren wuta. Matan Kano da Maiduguri sun san wannan sarai, domin da yawa daga kayan gyaran jikin da suke ji da su yau ta wannan hanya suka je musu. To a garin da ake auna mutum da ƙamshinsa, ka duba nauyin da ke kan wadda jikinta ya ƙi karɓar turare.

Abu na biyu shi ne ruwa. Gadarif ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwan sha, musamman da bazara, unguwanni da yawa kuma da amalanken jaki ake kai musu ruwa suna saye da kuɗi. Bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, da kuma faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar, jama'a masu ɗimbin yawa suka kwararo garin, aka cika makarantu da gidajen 'yan uwa. A watan Satumba na 2023 aka sanar da ɓarkewar kwalara a jihar. A irin wannan hali, jarka ɗaya ce za a sha, a yi girki, a wanke yara. Don haka tun kafin mu kai ga maganar cuta, ya kamata mu rage saurin cewa “ƙazami ne”. Sau da yawa abin da hancinka ya jiyo farashin ruwa da sabulu ne, ba halin mutumin ba.

Amma ba wannan ne ainihin batuna ba. Batuna shi ne wanda yake da ruwan da sabulun, ya yi duk abin da ake yi, warin kuma ya ƙi tafiya.

Abin da wari yake faɗa

Hausa tana da wadatar kalmomi a nan: ƙarni daban, zarni daban, ɗoyi daban, haka hamami da tsami da bashi. Wannan ya nuna kakanninmu sun lura cewa wari iri-iri ne, kowanne da inda yake fitowa. Likitanci ma da haka ya fara. Likitocin da, irin su Ibn Sina, suna duba launin fitsarin majiyyaci da warinsa kafin su faɗi abin da ke damunsa. A wurinsu wari labari ne da jiki yake aikowa.

Shi gumi a kan kansa kusan ba ya wari. A hammata da matsematsi akwai wasu matsattsarai da suke fara aiki lokacin balaga, suna fitar da gumi mai maiƙo, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fata su ne suke cinye shi su saki warin. Shi ya sa mutum biyu za su yi aiki ɗaya a gona ɗaya, su yi wanka da sabulu ɗaya, amma su bambanta, domin yawan gumin da irin ƙwayoyin da ke fatarsu ba ɗaya ba ne, kuma akwai gado a ciki. Wani lokaci ƙwayoyin suna kama fatar hammata ko tafin ƙafa su zama cuta sosai, wadda magani na 'yan kwanaki yake kawarwa.

Abinci ma yana da nasa. Tafarnuwa da albasa kowa ya sani. Amma ga hulba, wadda a Sudan ake dama kununta ana ba masu jego, ake kuma shan ta don ƙiba ko ciwon ciki: tana fita ta gumi da fitsari da wani irin wari mai zaƙi-zaƙi da yake kama tufafi. Mace za ta yi ta zargin kanta alhali dalilin yana cikin kofin da take sha kowace safiya.

Warin baki mafi yawansa daga bakin yake, wato daga dasashi mai ciwo, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko dattin da ke taruwa a can bayan harshe. Yaron da hancinsa guda ɗaya yake zubar da majina mai ɗoyi, sau da yawa wani abu ya tura a ciki, ƙwayar wake ko guntun soso, da an cire shi ke nan. Ƙarnin gaban mace yawanci rikicewar ƙwayoyin da ke wurin ne, ba shaidar lalata ba ce, yawan wanke ciki da sabulu da cusa turare kuma ƙara shi yake yi.

Akwai kuma warin da yake ƙararrawa ce ta hatsari. Mai ciwon suga da numfashinsa ya koma kamar 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, ga ƙishirwa ga amai ga kasala, wannan asibiti ake kai shi nan take. Ƙodar da ta gaza tana sa numfashi zarni. Hantar da ta lalace tana da nata wari mai kama da na ɗakin da ya daɗe a rufe. A nan jinkirin faɗa wa mutum ba kara ba ce, zai iya zama sanadin rasa shi.

Sannan ga yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda take jawowa. Babu ciwon da ya nuna yadda wari yake korar mutum daga cikin mutane kamarsa: mace ta rasa jaririnta, ta rasa mijinta, a ware mata kwano da tabarma a bayan gida. Alhali aikin tiyata yana gyara mafi yawansu. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holand ya fara wannan aiki tun shekarun 1980, ya mayar da dubban mata cikin danginsu. Haka asibitin da Reginald da Catherine Hamlin suka buɗe a Addis Ababa a 1974, haka kuma cibiyar Dakta Abbo da aka sani a Khartum. Matan nan ba halinsu ne ya canza ba ranar da aka sallame su. Rami ne aka ɗinke.

Ciwon ƙarnin kifi

Akwai wata lalura da ta fi dacewa da wanda ya gaji da yawon asibiti aka ce masa lafiyarsa ƙalau. Likitoci suna kiran ta tirimetilaminuriya, an kuma fara bayaninta a rubuce a 1970. Ga yadda take. Idan mutum ya ci ƙwai, ko hanta, ko ƙoda, ko dangin wake, ko kifin teku, ƙwayoyin da ke cikin hanjinsa suna samar da wani sinadari mai ƙarnin ruɓaɓɓen kifi. A jikin yawancin mutane hanta tana da wani ma'aikacin sinadari mai suna FMO3 da yake juya shi ya zama marar wari ya fita ta fitsari. Wasu kuwa an haife su wannan ma'aikacin nasu ba ya aiki sosai, sai ƙarnin ya taru ya riƙa fita ta gumi da numfashi da fitsari. A 1997 aka tabbatar da ƙwayar gadon da take jawo haka. Yawanci sai mutum ya gado ta daga uwa da uba duka biyu, su kuma iyayen lafiyarsu lau, shi ya sa ta fi sauƙin bayyana a inda auren zumunci ya yi yawa, kamar yadda yake a Sudan da ƙasar Hausa.

Abin da ya sa ta fi wahalar da mai ita shi ne tana zuwa tana tafiya. Takan tsananta da balaga, da lokacin al'ada, da zafi, da tashin hankali. Ranar da ya je gaban likita wataƙila babu komai, sai a ce masa tunani ne. Shi kansa ba lallai ya ji ba, domin hanci yana sabawa da warin da yake tare da shi kullum, kamar yadda mai sayar da turare ba ya jin ƙamshin shagonsa. Ba ta kisa, ba a kuma ɗaukar ta. Babu maganin da yake raba mutum da ita gaba ɗaya, amma ana rage ta ƙwarai ta hanyar gyara abinci, da amfani da sabulu mai ɗan tsami maimakon mai kaifi, wani lokaci kuma likita ya ba da maganin ƙwayoyin hanji na ɗan lokaci. A garin da karin kumallon kowa ful ne, wannan gyaran abinci ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai ciki da mai shayarwa da yaro bai kamata su yanke ƙwai da wake da kansu ba sai da shawarar likita, domin jiki yana buƙatar abin da ke cikinsu.

Wata cibiyar binciken wari da ɗanɗano mai suna Monell da ke Filadelfiya a Amurka ta wallafa sakamako a 2011 kan mutum 353 da suka zo da kukan warin jiki da ba a san dalilinsa ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku an same su da wannan lalura. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi ta fuska biyu. Ta ɗaya, ga mutane da yawa da aka daɗe ana kira ƙazamai ashe hantarsu ce. Ta ɗaya kuma, kashi biyu cikin uku sun koma gida ba da wannan amsar ba, a ƙasar da take da kayan aiki. Zan dawo kan waɗannan.

Ƙyama da hukunci

Wani zai ce, ai ƙyamar wari halitta ce, ba wanda ya ɗora wa kansa. Gaskiya ne. Allah ya yi mu da gudun abin da ya ruɓe, da haka muke tsira daga gurɓataccen nama da ruwa. Ba laifi ba ne cikinka ya juya. Amma tsakanin juyawar ciki da abin da kake yi bayanta akwai tazara, a cikin wannan tazarar kuma halin mutum yake bayyana. Hanci ya ce maka “akwai wari”. Iyakar saninsa ke nan. Duk abin da ya biyo baya, cewa ba ta wanka, ko gidansu ba tarbiyya, ko jifa aka yi masa, ko alhaki ne yake bin ta, kai ne ka ƙara. Hanci shaida ne da ya ga abu ɗaya, mu kuma sai mu ɗora shi a kujerar alƙali ya yanke hukunci a kan rayuwar mutum gaba ɗaya.

Mutanen Gadarif sun san bambancin nan a wani ciwon. Jihar tana daga cikin wuraren da cutar kala'azar ta fi yawa a duniya, musamman ƙauyukan bakin kogin Atbara da Rahad. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne yake yaɗa ta, wanda ya fi samun mazauni a dazukan talha da aduwa da tsagewar baƙar ƙasa. Yau idan yaro ya daɗe da zazzaɓi, ya rame, saifarsa ta kumbura, ba a tsayawa tambayar laifin da ya yi, asibiti ake nufa da shi a yi gwaji. An koyi cewa alama ce, kuma tana da sanadi. Abin da nake nema shi ne a yi wa wari irin wannan adalcin.

Hausawan Sudan kuma suna da wani dalili na musamman na yin hattara. Sun san ɗacin a yanke maka hukunci tun kafin ka buɗe baki, a kira ka baƙo a ƙasar da aka binne kakanka. A ko'ina a duniya, idan wata jama'a tana son ta ƙasƙantar da wata, daga cikin abin da take fara jingina mata akwai wari: mai kuɗi ya ce talaka yana wari, ɗan birni ya ce ɗan ƙauye, ɗan gari ya ce baƙo. Wanda ya ɗanɗani wannan a matsayin ƙabila bai kamata ya juya ya yi wa ƙanwarsa irinsa a cikin gida ba.

Shirun da muke kira kara

Mun taso da kunya da kara, kuma abubuwa ne masu kyau. Su ne suke hana mu tozarta babba, su ne suke sa a rufa wa juna asiri. Amma mu duba yadda suke aiki a nan. Ba ma iya faɗa wa mutum yana wari saboda muna jin nauyinsa, sai dai wannan nauyin bai hana mu faɗa wa duk wanda muka haɗu da shi ba. Idan da gaske asirinsa muke rufawa, da maganar ba ta zaga unguwa ba. Abin da muke karewa shi ne kanmu, daga minti biyar na rashin jin daɗi, shi kuma ya biya da shekaru: neman aure ya lalace ba a faɗa masa dalili ba, a daina kiran sa aiki, yara su laƙaba wa 'yarsa suna a makaranta.

Labarin wata ma'aikaciyar jinya 'yar Sikotland mai suna Joy Milne yana da darasi. Ta lura warin jikin mijinta ya canza, da farko ta ɗauka sakaci yake yi da wanka har ta yi masa magana ransa ya ɓaci. Sai bayan fiye da shekara goma aka gano yana da ciwon karkarwar jiki na Parkinson. Da ta shiga taron masu irin ciwon ta ji wari iri ɗaya a jikinsu, ta faɗa wa masana, aka gwada ta da riguna goma sha biyu ta tantance masu ciwon da hancinta, har wanda aka ɗauka ta yi kuskure a kansa daga baya ciwon ya bayyana masa. Yau masana a Jami'ar Manchesta suna aiki kan gwajin gano cutar ta maiƙon fata. Hancinta daidai ya ji tun ranar farko. Fassarar da ta fara yi masa ce ba daidai ba, kuma fassarar ce kowannenmu yake fara yi.

To wa zai faɗa, kuma yaya? Ba kowa ba. Wanda yake da kusanci kuma aka san ba ya nufin sharri: uwa, yaya, goggo, miji ko mata, aminin da aka ci gishiri tare. A keɓe, ba a gaban kowa ba, ba da habaici ba, ba kuma da ajiye masa sabulu a kan gado ya wayi gari ya gani ba. A faɗi abin da aka ji, a bar abin da aka zata. Yaya za ta iya cewa, “Ƙanwata, na san ki da tsafta, shi ya sa abin ya dame ni. Wasu ranaku ina jin wani wari tare da ke, kuma na ji ana cewa yakan zama alamar ciwo. Ki shirya mu je asibiti tare.” Kalmar “tare” ita ce rabin maganin. Wanda ya faɗa maka aibinka ya tafi ya sauke nauyinsa ne kawai. Wanda ya faɗa ya raka ka shi ne ɗan uwa.

Shi ma mai lalurar akwai abin da ke kansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ya mayar da wanda ya gaya masa gaskiya abokin gaba, domin idan ya yi haka ya rufe bakin kowa. Kada ya tsaya ga ƙara turare, domin humra a kan ƙarni wani warin na uku take haifarwa. Kada kuma ya ƙone fatarsa da goga lemun tsami da kanwa da omo, ko ya kwashe kuɗin gidan ya kai wa mai cewa zai karya sihiri. Addu'a ba ta hana gwajin jini. Ya fara da abin da ke kusa: a auna suga, a duba ƙoda da hanta, a ga likitan haƙori, mace ta ga likitan mata, a duba fata. Ya samu littafi ya riƙa rubuta abin da ya ci da ranakun da warin ya tashi na tsawon wasu makonni. Ya kuma zaɓi mutum ɗaya mai gaskiya da zai riƙa tambaya, ya tafi da shi wurin likita a matsayin shaida. Waɗanda suke zaune da shi ɗaki ɗaya su ma suna da haƙƙi, kuma ba rashin ƙauna ba ne matarsa ta ce a buɗe taga.

Akwai wata fuskar da dole a ambata, don kada gyara ya zama ɓarna. Wasu mutane sun tabbata a ransu suna wari alhali babu mai jin komai. Duk wanda ya taɓa hancinsa ko ya yi tari, sai su ce da su yake. Suna wanka sau biyar, su daina zuwa masallaci da kasuwa. Wannan ciwon damuwa ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi bayaninsa tun 1971, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya shi a sabon kundinta na cututtuka, yana da magani. Sau da yawa kalma ɗaya ta izgili da aka jefa wa mutum yana yaro ce take zama tushensa. Wannan ma hujja ce a kan shirunmu da habaicinmu: a inda ba a faɗin gaskiya kai tsaye, mai wari ba ya sanin yana yi, marar wari kuma ba ya yarda ba ya yi.

Idan ba a gano dalili ba

Yanzu mu dawo ga kashi biyu cikin ukun nan. Gwajin fitsarin da ake gano ciwon ƙarnin kifi da shi sai ɗakunan bincike na musamman, waɗanda ko a Turai ƙalilan ne. Yaƙi ya rufe da yawa daga manyan asibitocin Khartum da a da ake tura marasa lafiya, likitocin da suka rage a jihohi kuma suna fama da kwalara da zazzaɓin cizon sauro da yunwar yara. Mai gaskiya zai yarda cewa da yawa daga masu wannan kuka a Gadarif, ko a Kano da Maraɗi, za su yi duk abin da ya kamata su kuma rayu ba tare da an ba ciwonsu suna ba.

A nan ne nake ganin hatsarin da ke cikin maganata ta baya. Idan muka ce a tausaya wa mai wari saboda wataƙila cuta ce, kamar mun ce tausayin yana jiran sakamakon gwaji ke nan: in takarda ta fito mu karɓe shi, in ba ta fito ba mu koma kiran sa ƙazami. Wannan ciniki ne marar adalci, domin takardar nan kuɗi da hanya da zaman lafiya ne suke samar da ita. 'Yar mai hali da aka kai Alƙahira za ta dawo da sunan ciwonta a rubuce a ce Allah sarki, 'yar mai yankan riɗi da take da ciwo iri ɗaya ta mutu da sunan ƙazama. Kafin 1970 babu mai wannan takarda a duk duniya, amma masu lalurar suna nan, kuma ba su fi na yau laifi ba. Neman dalili a asibiti don magani ne. Ba kuɗin fansar mutunci ba ne, domin mutuncin tun farko bai kamata a ƙwace ba.

Ko da ma an tabbatar sakaci ne, sau nawa sakacin yake zama alamar wani abu? Tsohon da ya fara rikicewa, matar da baƙin ciki ya danne bayan rasuwar ɗa, saurayin da ya baro gidansu da abin da ke jikinsa kawai. Wanda ya daina kula da jikinsa yawanci wani abu ne ya fi ƙarfinsa, kuma gudunsa ba ya gyara ko ɗaya.

Ga wanda yake cikin wannan hali kuwa, abin da zan ce kaɗan ne. Rashin amsa ba ya nufin ƙarya kake yi, ba ya kuma nufin kai ka jawo. Ka ci gaba da abin da ka ga yana ragewa: tufafin auduga, aske gashin hammata, shanya kaya a rana, alimun ko man hana gumi, kauce wa abincin da littafinka ya nuna maka. Ka sake komawa likita idan wata sabuwar alama ta fito, kamar rama ko ƙishirwa ko kumburi. Amma kada ka jingine rayuwarka har sai ranar da warin ya tafi. Babbar ɓarnar wannan lalura ba a fata take ba, tana cikin karatun da aka bari, da sana'ar da aka rufe, da ɗakin da mutum ya kulle kansa a ciki. Masu bincike a kan ciwon ƙarnin kifi sun daɗe suna nuna cewa kaɗaici da baƙin ciki su ne suka fi cutar da masu shi.

Mu kuma sauran, abin da ake nema a wurinmu bai kai yadda muke zato ba. Hanci yana sabawa cikin 'yan mintuna, duk wanda ya taɓa jinyar mahaifiyarsa ko ya yi renon jariri ya san haka, domin a can ƙauna ce take riƙe mutum har hancin ya haƙura. A sahun salla, a cikin raksha, a zauren biki, a layin ɗiban ruwa, za ka tsinci kanka kusa da irin wannan bawan Allah. Yana kallon ka ta gefen ido, ya riga ya san abin da aka saba yi masa. Ka zauna inda kake, ka gaishe shi, ka tambaye shi mutanen gida. Idan kuma kai ne na kusa da shi da ya dace ya yi maganar, kada ka bar ta ta kwana.